Yadda ake shigar da mai da zafi cikin tokamak

Malam, ka tambaya yadda ake ciyar da plasma, wato iskar gas mai tsananin zafi wadda ƙwayoyinta ke ɗauke da caji, da maganaɗisu ya tsare cikin tokamak, na'ura mai siffar zobe da ake haɗe ƙwayoyin zarra a cikinta don samar da makamashi. Ɗalibaina a nan Kaduna ma nan suke cijewa.

Maganaɗisun yana karkatar da duk ƙwayar da ke ɗauke da caji, ba ta samun shiga. Don haka ake ba ƙwayoyin diyutiriyom (wani nau'in haidurojin mai nauyi) gudu tun suna da caji, sannan a cire cajin su ratsa kai tsaye, su yi karo a ciki su zuba zafinsu. A ITER, babban tokamak da ake ginawa a Faransa, kowace na'urar da ke harba waɗannan ƙwayoyi za ta ba da megawat 16.5.

Mai kuwa, wato irin wannan haidurojin, daskarar da shi ake yi, ƙanƙara da ba ta fi ƙwayar wake ba, a harba ta daga ɓangaren ciki na zoben, domin ta nan ta fi nutsewa.