Tsohon zarton injin katako: wanne za a saya, me za a ƙera da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni maƙeri ne. Wani mai injin tsaga katako ya yi mini tayin tsofaffin zartunansa, akwai masu faɗi kamar tafin hannu, akwai sirara kamar yatsu biyu. Wanne ya fi dacewa da wuƙa, kuma ta yaya zan gane ba ƙarfen banza zan saya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki mai faɗin. Zarton manyan injinan da ke tsaga gungume, mai kama da bel da ke zagaye ƙafafun injin, wanda faɗinsa ya kai santimita 10 zuwa 15, yawanci ƙarfe ɗaya ne daga haƙori har baya. Da yawa daga cikinsu ana yin su ne da irin ƙarfen da kamfanin Uddeholm na ƙasar Suwidin ke kira 15N20, ko wani makamancinsa. Sinadarin kabon da ke cikinsa ya kai kusan kashi 0.75 cikin ɗari, da nikel kusan kashi 2. Kabon ɗin ne ke sa ya riƙe kaifi, nikel ɗin kuma ke hana shi saurin karyewa. Siraran ba su da tabbas haka. Wasu, musamman na yankan ƙarfe, ƙarfe biyu ne aka haɗa: ɗan siririn layi mai tauri a bakin haƙora, sauran jikin kuma wani ƙarfe daban. Da ka yanke haƙoran, ka yar da abin da ya fi daraja.

Amma kada ka biya kuɗi a kan zato. Ka nemi a ba ka guntu kamar tsawon yatsa, ka sa a wuta har ya yi ja maganaɗisu ya daina kama shi, ka tsoma a mai. In ya huce, ka goga masa magagari. Idan magagarin ya zame yana ƙara kamar kan kwalba, ƙarfen ya karɓi tauri. Sannan ka kama shi da awartaki a gefen uwar maƙera, rabi a waje, ka buga da guduma, kana sanye da tabarau don kare ido. Mai kyau zai karye ƙas, wurin karayar ya fito toka-toka mai laushin ƙwaya. Wanda ya lanƙwashe bai karye ba, ba na wuƙa ba ne.

Sai duban jikin zarton kansa. Ba dakushewa kaɗai ke sa a ajiye shi ba, sau da yawa tsagewa ce. Dubban zagayen da yake yi a kan ƙafafun injin yana lanƙwasa yana miƙewa su ke gajiyar da shi, tsagar kuma tana farawa daga kwarin da ke tsakanin haƙora biyu ta nufi ciki. Ka goge wurin da kananzir, ka duba a rana, ka zana alli a duk inda ka ga layi ko da kamar gashi ne. Ka nemo inda aka yi waldar haɗa bakin zarton, da duk inda aka taɓa gyara shi da walda, ka bar santimita 5 kowane gefe. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma wadda ta ci rami ta lalata wurin.

Wajen ciniki, ka yi lissafi da kilo. Zarto mai faɗin santimita 10 da kaurin milimita 1.1 bai cika kilo ɗaya a kowace mita ba, kusan giram 860 ne. Idan ka cire haƙora da ɗan abin da ke ƙarƙashinsu, za a bar maka faɗin santimita 8, wato wuƙa biyu gefe da gefe, kusan shida masu tsawon santimita 30 a kowace mita mai lafiya. Ka tambayi abin da 'yan gwangwan ke biya a kilo, daga nan ka fara tayi. Kuma idan a naɗe aka kawo shi, kada ka kwance igiyar kana tsaye a kansa. Ka sa safar hannu ta fata, ku zama mutum biyu, domin in ya ƙwace da ƙarfi yake buɗewa, haƙoran suna waje.

Tambaya: Na yanko wuƙa huɗu daga irin wannan zarto. Biyu sun tsage da na tsoma su a ruwa, biyu kuma sun karkace. Ina kuskuren?

Amsa: Ruwan ne, ɗan'uwa. Ƙarfe mai kabon haka, kuma siriri, ruwa yana sanyaya shi da gaggawar da ba zai jure ba. Mai ake so, kamar man gyaɗa ko wani man girki, aƙalla lita biyu a gwangwanin ƙarfe mai zurfi da murfi kusa, saboda yana iya kamawa da wuta. Ka ɗumama shi tukuna ta hanyar tsoma wani guntun ƙarfe mai zafi, ya kai kamar digiri 50 a ma'aunin Selsiyus. Baƙin mai na mota yana aiki, amma hayaƙinsa guba ne, ba ma ba da shawararsa, balle ga wuƙar da za ta taɓa abinci.

Zafin da ake nema shi ne digiri 800 zuwa 830. Maganaɗisu yana sakin ƙarfe a wajen digiri 770, don haka da ya saki sai ka ƙara ɗan lokaci kaɗan, ba har ya koma ruwan lemo mai haske ba. Ka yi aikin a inuwa ko da yamma, domin a tsakar rana ido yana ruɗuwa, sai mutum ya wuce gona da iri. Gawayin ƙirya ya fi, kuma a sassauta zuga-zugi: ƙarfen milimita ɗaya yana ƙonewa kafin ka ankara, tsinin ne ke fara lalacewa.

Karkacewa kuwa tana da dalili uku. Na farko, fitar da kaifi kafin wuta. A ƙarfe siriri haka, ka yanke siffar kawai, ka taurara, sannan ka fitar da kaifi a hankali kana tsomawa a ruwa duk bayan gogawa biyu ko uku. Na biyu, kaɗa wuƙar hagu da dama a cikin mai. A tsaye take shiga, a motsa ta sama da ƙasa. Na uku yana cikin zarton tun asali, domin masu gyaransa suna murza tsakiyarsa da na'ura don ya zauna daram a injin, wannan matsin da ke cikin ƙarfen kuma yana fita idan aka tsaga shi. Maganinsa a sa wuƙar a wuta ta yi ja, a bar ta ta huce a iska sau biyu kafin taurarawar. Bayan ta yi daƙiƙa 8 zuwa 10 a mai, ka fitar da ita da sauran zafinta, ka danne ta tsakanin shafaffun ƙarafa biyu masu kauri har ta huce.

Kada ka tsaya nan, don a wannan halin tana fashewa kamar tangaran. Ka goge gefe ɗaya ya yi fari, ka ɗora ta a kan ƙarfe mai kauri da aka zafafa, bayan wuƙar a ƙasa. Da launin busasshiyar ciyawa ya iso bakin, ka ɗauke. In ya kai shuɗi, kusan digiri 300 ke nan, kaifin ya yi laushi. Mai tanda ta zamani ya sa ta a digiri 200 na awa ɗaya, sau biyu.

Tambaya: Ni mahauci ne. Wuƙar zarto da maƙera ke kawo mana ta fi ta shago?

Amsa: Wajen fiɗa, yankan tsire da shimfiɗa naman kilishi, tana da wuyar kayarwa. Sirantarta ke sa ta ratsa nama ba tare da ta tura shi ba, kuma ɗan gogawa a dutse ya dawo da ita. Ka tambayi maƙerin ko ya sake taurara ta. Da yawa yanka kawai suke yi su wasa, irin wannan tana aiki amma za ka riƙa komawa dutse sau da yawa a yini, kuma bai kamata farashinsu ya zama ɗaya ba. Ka duba bakin: tabon shuɗi alamar giranda ta ƙona wurin. Ka lanƙwasa ta kaɗan, ta koma daidai da kanta. Ƙota ta zama marke ko maɗaci da ƙusa uku, ba tazarar da jini zai maƙale. Tana tsatsa, don haka a wanke, a goge, a shafa man gyaɗa kullum bayan tashi. Ƙashi kuwa ba aikinta ba ne, ka bar wa gatari ko adda.

Tambaya: Ni kafinta ne, ba ni da maƙera. Akwai abin da zan yi da shi ba tare da wuta ba?

Amsa: Akwai, kuma kai ka fi kowa sauƙi, domin taurin da zarton ya zo da shi daga masana'anta shi ne daidai na ƙarfen kankare katako. Ka yanko santimita 6 sau 15 da giranda mai siririn faifai. Ka daidaita dogon gefen da magagari ya tsaya kusurwa 90, ka goge a dutse, sannan ka ja wani ƙarfe mai santsi da ya fi shi tauri a kan bakin sau uku ko huɗu, a ɗan karkace, har ka ji ƙugiya da yatsa. Idan yana fitar da siraran ɓawo ya yi, idan gari yake fitarwa a sake. Yana gyara katakon da jijiyarsa ta murɗe inda filen ke yagewa, ya kuma rage maka sayen samfefa. Ragowar guntayen suna zama wuƙar shafa foti da ta ɗebe tsohon fenti. Hujin ƙota ka yi shi da bakin dirin huda siminti, a hankali, da ɗigon mai.

Ka lura da kan haƙoran kafin ka yanka. Idan akwai ɗan ƙulli mai launi daban da aka narka a tsinin kowanne, akwai sinadarin kobalt a ciki, ƙurarsa tana cutar da huhu. Ka yanke layin haƙoran gaba ɗaya daga ƙasa, kada faifan ya taɓa ƙullin, ka sa takunkumi, ka yi aikin a fili.