Amsoshin tambayoyinku: tafiya tafkin Muncho na ƙasar Kanada da mota, me za a saya me za a bari?

Tambaya: Salam. Ni da iyalina mu huɗu muna Edmonton, muna so mu je tafkin Muncho a watan Yuli mu yi kwana uku. Mu yi hayar motar nan mai ɗaki da kicin a ciki ne, ko ƙaramar motata ta isa mu kafa tanti?

Wa alaikumus salam Malam. Motarka ta isa, ka riƙe kuɗinka. Mutane da sun ji an ce titin Alaska, wato hanyar da ke kaiwa tafkin, sai su ɗauka har yanzu hanyar nan ce da sojojin Amurka suka fasa daji suka yi a 1942, alhali yanzu kwalta ce, sai dai ɗan wuraren da ake gyara inda za ka tarar da tsakuwa, nan kam in babbar mota ta taho ka rage gudu ka raɓe, in ba haka ba gilashin gaba ya tafi. Ita motar haya banda kuɗin kwana yawanci akwai cajin kilomita, ga shan mai kamar me, kai kuma daga Edmonton zuwa Muncho wajen kilomita 1,300 ne zuwa kawai. Yi lissafin da kanka ka gani.

Inda nake so ka kashe kuɗi shi ne taya. Ka kai wa makanike ya duba su duka huɗu da birki, in sun suɗe ka sauya, sannan ka duba safaya, in irin siririyar nan ce ta wucin gadi to ba a yi ta don doguwar tafiya ba, ka nemi cikakkiya da jak mai kyau da ɗan famfon iska da ake jonawa a mota. Mai kuma ƙa'idar ɗaya ce, tanki ya kai rabi ka ga gidan mai ka tsaya, kar ka ce sai na gaba. Daga Dawson Creek inda titin ya faro zuwa Fort Nelson wajen kilomita 450 ne, daga Fort Nelson zuwa tafkin kuma wajen 240, a tsakani Toad River ce wurin da aka fi dogara da shi, sai Northern Rockies Lodge a bakin tafkin, kuma mai a can ya fi na gari tsada, ba sai an faɗa ba. Sabis na waya ma ɗaukewa yake bayan Fort Nelson, ka sauke taswira a waya tun kana gida. Ka kuma leƙa DriveBC, shafin gwamnati da ke nuna halin da hanyoyi ke ciki, ana gobe tafiya saboda gobarar daji, a watan Mayun 2024 sai da aka kwashe mutanen Fort Nelson gaba ɗaya, hanya ta rufe.

Tambaya: Kuɗina ba su da yawa, tanti mai tsada zan saya ko jakar barci mai tsada?

'Yar'uwa, jakar barci, da abin shimfiɗa a ƙarƙashinta. Tanti matsakaici ya wadatar in dai rufinsa na ruwa ya sauko har ƙasa kuma ragar sauro ba ta huje ba, don sauron can ba ya wasa. Amma wurin nan tsakiyar duwatsun Rocky ne na arewa, ko a Yuli da rana kina yawo da riga ɗaya, kafin asuba sanyi ya sauko sosai. Ki nemi jakar da aka rubuta wa 0°C ko ƙasa da haka, kuma lambar da aka ce ta jin daɗi za ki duba, ba wadda suke bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ba. Katifar iskar nan mai kauri da ake hura wa baƙi a gida kar ki ɗauka, iskar cikinta sanyi take yi ta zuƙe miki ɗumin jiki ta baya, gara siririya mai soso a ciki. Sansanonin gwamnati biyu ne a bakin ruwan, Strawberry Flats da MacDonald, kowanne fili 15 ne kacal, babu wuta babu shawa, so ki iso da wuri ki kuma taho da ƙaramin risho na gas, don in an hana hura wuta da itace shi ne zai fishe ki. Wanka mai zafi sai Liard, maɓuɓɓugar ruwan zafi ce wajen kilomita 60 gaba, ni da za a bi tawa a ware mata yini guda.

Tambaya: Feshin barkono na korar beyar dole ne? Daga Toronto zan taso ta jirgi.

Dole ne, amma kar ka saya a Toronto, ba a hawa jirgi da shi ko a cikin akwati, ka bari sai ka sauka ka saya. A ƙugu ake rataye shi, a ƙasan jaka ba shi da amfani. Abinci da kular abinci da man goge baki duk a kulle a mota da dare, ko biskit kar ya kwana a tanti. Gaskiya ma ni dabbobin kan titi sun fi ba ni tsoro, tumakin dutse na tsayawa tsakiyar kwalta suna lasar gishiri daidai kwanar da ba ka hango gaba, wajen Liard kuma ɓauna ce garke guda kwance a gefen hanya, shi ya sa nake hana tuƙin dare, kuma a Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, ba ka da uzurin yin sa.