Maɓallan sitiyari sun ƙi aiki bayan an sa sabon rediyo: amsa ga yarona

Yarona, jiya da yamma ka tambaye ni game da Camry ɗin nan ƙirar 2008 da ka cire wa rediyonta na asali ka sa mata mai allo na Android. Ka ce sauti yana fita lafiya lau, kyamarar baya ma tana nunawa, amma maɓallan da ke jikin sitiyari, na ƙara murya da na ragewa da na sauya tasha, duk sun yi shiru, kuma kana son ka san wace waya za ka yanka ka haɗa. A lokacin mai mota yana tsaye a kanmu, shi ya sa na ce ka ajiye filaya tukuna. Tambayar taka ta fara ne daga yanka, alhali wannan aikin daga awo ake fara shi, kuma idan ka yi awon daidai da wuya ka yanka ko da waya ɗaya.

Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne, ba kowane maɓalli ne yake da wayarsa ba. Sitiyari abu ne mai juyawa, ba shi da sauƙi a jawo masa wayoyi da yawa daga dashbod, don haka sai masu ƙera motar suka yi dabara: suka jera ƙananan razistoci, wato 'yan kayan da ke yi wa wuta turjiya suna rage gudunta, a bayan maɓallan, ta yadda kowane maɓalli idan aka danna shi zai haɗa waya ɗaya da nagetif ta hanyar turjiya wadda ta bambanta da ta ɗan'uwansa. Shi kuma rediyo yana sakin 'yar wuta kaɗan a kan wayar, volt 5 ko 3.3, sannan ya duba yadda ta faɗi lokacin da aka danna. Daga yawan faɗuwar yake gane ko ƙara murya ake nufi ko sauya tasha. Ke nan maɓallan ba su aika wa rediyo wuta, wutar rediyon ce suke ja ƙasa, kowanne gwargwadon razistarsa.

A wannan Camry ɗin, kamar sauran Toyota da yawa na shekarun, ka duba bayan inda rediyo yake za ka ga soket mai ƙafa 20, ban da guda biyun nan na wuta da lasifika da ka riga ka haɗa. Shi ne ka bari yana reto saboda babu inda zai shiga a jikin sabon rediyon. Ƙafa ta 6 ita ce nagetif ɗin maɓallan, ta 7 ita ce layi na farko, ta 8 kuma layi na biyu. Kada ka dogara da launin waya, domin launi yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, kuma motocin da suke zuwa mana ta Kwatano wasu an yi su ne don Amurka, wasu don Turai, wasu kuma hannun masu gyara uku ya riga ya ratsa su kafin su iso gabanmu. Ka kashe mota, ka sa mitarka a ma'aunin om, wato na awon turjiya, ka ɗora tsinke ɗaya a ƙafa ta 6, ɗaya a ta 7. Idan ba a danna komai ba za ka ga wajen om 100,000. Ka sa wani yaro ya zauna a kujerar direba yana danna maka ɗaya bayan ɗaya: maɓallin tasha ta gaba zai ba ka kusan sifili, na tasha ta baya wajen 330, na ƙara murya wajen 1,000, na ragewa wajen 3,100. Sai ka mayar da tsinken ƙafa ta 8, a danna wanda aka rubuta wa MODE, nan ma za ka ga kusan sifili. Ka rubuta waɗannan lambobi a takarda kowane lokaci, ko da ka haddace su, domin ranar da wata mota ta ba ka lambar da ta saɓa, daga takardar za ka gane inda matsalar take.

Idan awon ya fito haka, sauran aikin ba shi da wuya. A cikin dunƙulen wayoyin sabon rediyon akwai guda biyu da aka rubuta wa KEY1 da KEY2, wasu kamfanonin kuma su rubuta SWC. Ka kai KEY1 ƙafa ta 7, KEY2 ƙafa ta 8, sannan ƙafa ta 6 ka haɗa ta da baƙar wayar nagetif ta rediyon kansa. A nan ne yawancin yara suke kuskure, su ɗaure ta a kowane kusa suka gani a jikin mota suna cewa ai nagetif nagetif ne. Da rana komai zai yi aiki, amma da dare idan direba ya kunna fitila da na'urar sanyi, 'yar tazarar da ke tsakanin nagetif ɗin jikin mota da na rediyo takan isa ta karkatar da awon, sai mutum ya danna ƙara murya rediyo ya sauya masa tasha, washegari ya dawo mana da fushi. Ka fere wayar kaɗan ba tare da ka datse soket ɗin ba, ka liƙe da dalma, ka rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Murɗa waya a naɗe da tef ba ya jure zafin dashbod na watan Afrilu, kuma layin da yake aiki da awon turjiya ko ɗan sakin haɗi yana rikita shi. Soket ɗin kuwa ka bar shi da ransa, don mai mota yana iya so ya mayar da rediyonsa na asali ranar da zai sayar.

Bayan haka sai ka kunna rediyo ka shiga wurin koya masa maɓallan sitiyari a cikin saiti. Ka fara goge abin da ke ciki, sannan ka danna maɓalli ka riƙe, ka taɓa aikin da kake so a ba shi a kan allo, ka adana. Nan ne amsar ɗaya tambayar taka take, wato ko za a iya mayar da MODE ya zama na kashe murya kamar yadda mai motar ya nema. Za a iya, kuma ba sai an buɗe sitiyari ba, domin rediyon bai san sunan da aka rubuta a kan maɓalli ba, abin da ka koya masa kawai ya sani.

Wani lokaci za ka haɗu da rediyo mai wayar KEY guda ɗaya tak. Idan ka tattara layin 7 da na 8 a kanta kai tsaye, maɓallin tasha ta gaba da MODE za su zama abu ɗaya a wurinsa, tunda duka biyun sifili suke bayarwa. Maganinsa shi ne ka sa razista ta om 5,600 a kan layi na biyu kafin ka haɗe su, sai MODE ya koma 5,600, nesa da sauran huɗun. Amma idan sitiyarin yana da maɓallan amsa waya a kan layin nan na biyu, lambobinsu za su matso kusa da juna, rediyo mai araha kuma ba lallai ya iya bambance su ba, don haka ka gwada kowanne sau da yawa kafin ka rufe dashbod.

Duk wannan na rediyon Android ne mai karɓar koyarwa. Pioneer da Sony suna da ramin jak a baya, su ma da turjiya suke aiki, sai dai galibi lambobinsu a kafe suke: Pioneer yana jiran wajen om 16,000 don ƙara murya da wajen 24,000 don ragewa, bai san 1,000 da 3,100 na Toyota ba. Na ga masu buɗe sitiyari suna ɓalle razistocin asali suna liƙa wasu. Yana yi, amma ni ba na so, domin an lalata kayan mota saboda rediyon da za a iya sauyawa baɗi. Kenwood da JVC da Alpine kuwa saƙon dijital irin na kwamfuta suke karɓa, razista ba za ta yi musu komai ba. A duk waɗannan, ka nemi adaftar da aka yi don haka, irin ASWC-1 ta Axxess, ka bar ta ta yi fassarar. Haka nan idan ka danna maɓallai mita ba ta motsa ba, kuma motar irin su Mercedes ce ko Volkswagen ko BMW na baya-bayan nan, to ka san maɓallan da kwamfutar mota suke magana, saƙon kuma yana isowa rediyo ne ta wasu wayoyi biyu da aka tufke da juna, waɗanda ake kira CAN. Waɗannan ba a sa musu ƙwan gwaji, ba a kuma haɗa su da KEY1. Akwatin CAN na ainihin ƙirar motar ake saya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Idan a Camry ɗin mita ta ƙi nuna komai, ko lambar tana tsalle idan an juya sitiyari, zargi ya koma kan kulok-sifirin, wato faifan nan da ke bayan sitiyari, mai ɗauke da siririyar waya shimfiɗaɗɗiya kamar zaren kaset, wadda take naɗewa tana warwarewa yayin da direba yake juyi. Ta cikinta hon yake bi, ta cikinta maɓallan suke bi, kuma ta cikinta wayar jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta kare direba idan an yi hatsari, take bi. Shi ya sa idan ka ga hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kama, maɓallai sun tsaya, ba sai ka wahalar da kanka a bayan rediyo ba. Kafin ka taɓa sitiyari, ka daidaita tayoyi su miƙe, ka cire kan batir na nagetif, ka jira aƙalla daƙiƙa 90, domin kwamfutar jakar tana riƙe wuta bayan an cire batir. Duk soket mai launin rawaya na jakar iska ne: mita ba ta zuwa wurinsa, ƙwan gwaji ba ya zuwa, domin 'yar wutar da mita take saki don awo ma ba a yarda ta shiga can ba. Idan ka cire jakar, ka ajiye ta fuskarta tana kallon sama, nesa da inda ake walda.

Wajen mayarwa kuma, faifan yana da iyakar juyi, wajen zagaye biyar daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ka juya shi hagu a hankali har ka ji ya yi tauri, ka dawo da shi zagaye biyu da rabi, ka ga alamomin sun haɗu. Ina da ƙuruciya na taɓa mayar da ɗaya ba tare da na tsakaita shi ba. Mai motar bai ko fita daga layinmu ba, yana shan kwanar farko muka ji ƙas, wayar ta tsinke, maigidana kuma ya cire kuɗin sabo daga abin da yake ba ni har wata biyu.

Idan kuwa lambobin suna fitowa amma sun haura yadda ya kamata, misali wanda ya kamata ya ba da sifili yana ba da 200 ko 300, to ƙurar hunturu ce da gumin hannu suka taru a ƙarƙashin maɓallin. Ka buɗe shi ka goge da auduga da sifirit, ka bar shi ya bushe, ka sake aunawa. Akwai kuma waya ɗaya da ke kai wa maɓallan wutar haskensu na dare, tana ɗauke da volt 12 da zarar an kunna fitila, kuma idan ta taɓa KEY1 tana iya ƙona wannan sashen na rediyon. Saboda haka gobe da safe, kafin ka liƙa komai, ka kunna ƙananan fitilu, ka mayar da mita ma'aunin volt, ka tabbatar ƙafa ta 7 da ta 8 ba su ɗauke da wuta, sannan ka kawo mini takardar awonka in gani.