Ga mai tambaya kan aikin jirgin ruwa

Ɗan'uwa, na ga tambayarka: an ɗauke ka aiki a jirgin dakon kaya, wata tara kafin ka sake ganin gida, kana fargabar guguwa, kana kuma tantamar ko zuciyarka za ta ɗauka. Shekara shida na yi a wannan aiki, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Guguwar da kake tsoro ita ce mai sauƙin. Ranar da teku ta fusata kowa na da abin yi. A ɗaure kaya, a garƙame ƙofofi, kuku ya jiƙa ƙyallen tebur don kada faranti ya zame, kai kuma ka cusa rigar ceto ƙarƙashin gefen katifa don kada ka mirgino cikin barci. Tsoro yana nan daram, amma na kowa da kowa ne, har dariya ake yi masa washegari.

Inda mutum ke sanin kansa shi ne lokacin da ruwa ya kwanta luf. Kwana da kwanaki a tsakiyar tekun Pasifik, gadi awa 4, hutu awa 8, gobe ma haka. Mu ashirin da biyu ne, amma da an tashi aiki kowa sai ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa, ba ka jin komai sai gurnanin inji. A wata na biyar na wayi gari na tsani wani abokin aikina, tsana ta gaske, don kawai yadda yake kaɗa cokali a kofi. Bawan Allahn nan bai taɓa yi mini komai ba. Kaɗaici ne ya rasa wurin sauka, ya sauka a kansa.

Akwai labarin da ma'aikatan ruwa ba sa mantawa. A 1968 jaridar Sunday Times ta Ingila ta sa gasar zagaya duniya a ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, mutum shi kaɗai, ba yada zango. Mutum 9 suka fita, ɗaya ya kammala, Robin Knox-Johnston, bayan kwana 312. Amma ni Donald Crowhurst, ɗaya daga cikin taran nan, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Jirginsa ya fara yoyo, ya tabbata ba zai jure tekun kudu ba, ga bashi da kunya suna jiransa in ya juya. Sai ya yi ta gewaye a Atlantika yana aika rahoton ƙarya cewa ya yi nisa. A watan Yulin 1969 aka tsinci jirgin yana yawo, ba kowa a ciki. Ruwa bai kifar da shi ba. Mutumin da ya iya tunkarar teku shi kaɗai ya kasa buɗe baki ya ce "na gaza". Ban ga laifinsa sosai ba, don na san nauyin kalmar nan. Knox-Johnston kuwa, fam 5,000 da ya ci, iyalan mamacin ya miƙa wa.

To, ka shirya wa wannan. Ka karanta kwantiraginka da kyau. Yarjejeniyar ma'aikatan ruwa ta 2006 ba ta yarda a riƙe mutum fiye da wata 11 ba, ko da yake a 2020, lokacin korona, dubban ɗaruruwa sun maƙale har wa'adinsu ya wuce. Ka riƙa barin ƙofarka a buɗe in ba barci kake ba. In ka ga wani ya daina zama cikin mutane kwana biyu, ka ƙwanƙwasa masa ko da ba ka da abin cewa.

Ni dai sai da na yi sati biyu ina juya maganar kafin na iya tarar mai cokalin nan na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya tuntsire da dariya har da hawaye. Ya ce shi ma tun wata na uku yake jin kamar ya jefa silifas ɗina cikin ruwa saboda yadda nake jan ƙafa.