Ƙafar mai jego ta kumbura: a yi mata tausa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Kwana 12 ke nan da aka yi wa maiɗakina aiki aka ciro jariri. Shekaranjiya ƙafarta ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, sha-raɓar na mata ciwo in ta taka. Hajiyarmu ta ce sanyi ne, ta aika a kira mai tausa gobe. Ni kuma na ji ana cewa tausar shafa mai sauƙi tana sauke kumburi. Ko in yi mata da kaina? Hankalina bai kwanta ba.
Wani magidanci daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa ƙafar nan, kada kuma ka bari kowa ya taɓa ta. Ka kai ta asibiti yau, a yi hoton jijiyoyin ƙafar.

Abin da ka ji gaskiya ne, amma a muhallinsa. Muna yin irin wannan tausar a sashen gashin ƙashi, musamman ga matan da hannunsu ya kumbura bayan aikin cire daji a mama. Hanyoyin da ke kwashe ruwan jiki suna nan dab da fata, shi ya sa tafin hannu kawai ake ɗorawa a ja fatar a hankali wajen hammata ko matsematsi. Da an danna da ƙarfi hanyoyin sun liƙe. Wani ɗan ƙasar Denmark mai suna Emil Vodder ne ya tsara dabarar a Faransa a shekarun 1930. Shafa a hankali kuma tana kwantar da hankali, ta taimaka wajen barci.

To amma ƙafa ɗaya, mai ciwo, a jikin mai jegon da aka yi wa aiki, abin da muke fara zargi gudan jini ne ya daskare a babbar jijiya. Makonni 6 na farko bayan haihuwa ne haɗarin ya fi yawa, wato kusan kwanakin arba'in, kuma ƙafar hagu ya fi kamawa. Idan aka murza wurin, gudan na iya ɓallewa ya bi jini ya toshe jijiyar huhu. Mace tana zaune ana hira, sai numfashi ya sarƙe.

Abin da ke ƙona mini rai, kullum sai an kawo mana mara lafiya bayan an gama murje ta. Ka ɗaga zane ka ga sawun yatsu a sha-raɓa, fata ta yi ja, man zafi na tashi, wani lokacin har da tsaga. Ka tambaya a ce ai jijiya ce ta harɗe. An ɗauka tausa ba ta aiki sai an ji zafi, in mace ta yi ihu a ce ciwon ne ke fita. Wa ya faɗa? Mai tausar ba ta tambayi yaushe aka yi aikin ba, ba ta gwada kaurin ƙafafun biyu ba, kowane kumburi a wurinta sanyi ne. In abin ya ɓaci kuma a ce kwana ne ya ƙare, ita tana can gidan wata mai jegon. Yanzu har da masu koyar da tausa a TikTok, waɗanda ba za ka taɓa ji sun ambaci wanda bai kamata a taɓa ba: mai zazzaɓi, mai ƙafar da ta yi ja tana zafi, mai ciwon zuciya ko ƙoda da jikinsa ya tara ruwa.

Hajiya kulawa ce ta sa ta, don haka ka lallaɓa ta, ka ce likita ya ce a fara yin hoto. In gudan jini ne, allurar tsinka jini ake farawa da ita, kuma ba ta hana shayarwa. Kafin ku isa, in ta ce ƙirjinta na ciwo, ko numfashi na yi mata wuya, ko ta yi tari da jini, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye, kada ku tsaya layin kati. Allah ya ba ta lafiya, ya raya jariri.