Kan kwastomar da ta ce a mayar mata da kuɗinta

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na ji saƙonki tun ɗazu, ina cikin kasuwar Kwari ne, hayaniya ta hana ni amsawa. Kin ce wata ta sayi atamfa turmi biyu a wajenki ta Instagram, kin saka mata a mota zuwa Kaduna, yanzu ta ce ba kalar da ta gani a hoto ba ce, a mayar mata da kuɗinta. Wai ki mayar ko kar ki mayar. To ni dai na san ba wannan ke cin ranki ba, mayarwa kam za ki yi. Kuɗin mota ne matsalarki, na zuwa da na dawowa, wa zai ɗauka. Ko na yi ƙarya?

To ki ɗauko turmin ki ajiye kusa da hoton... au, kayan na wajenta ko. To ta ɗauko miki bidiyo a tsakar gida, cikin rana, ba ƙarƙashin ƙwan ɗaki ba, don farin ƙwai yana mayar da ruwan toka shuɗi. In hoton dila kika ɗauko kika saka, irin wanda aka ƙara wa haske har atamfar ta zama wata daban, to laifinki ne, ki biya mota duka biyu ki ba ta haƙuri. Haka in akwai huji ko kala ta zuba a gefe, wannan aibi ne, ko a shari'a tana da haƙƙin dawo da shi. In kuwa kaya lafiyarsu ƙalau, ra'ayi kawai ta canza, ko ƙawarta ta kushe, ko maigida ya ce bai masa ba, to alfarma take nema. Malamai suna ce mata iƙala, wato ki yarda a warware cinikin, akwai lada a ciki, amma ita za ta biya direba.

Abu ɗaya dai, don girman Allah kada ki tura sisi sai kayan sun shigo hannunki kin warware su, kowane turmi yadi shida cif. Ni an yi min. Bara waccan, wata 'yar Abuja ta ɗauki abaya a wajena, mai duwatsu a hannu, 45,000. Ranar Alhamis ta karɓa, ta turo min har da addu'a. Litinin da safe sai ga murya, wai ta yi mata yawa a kafaɗa, kuma in ban mayar da kuɗi yau ba za ta saka ni a Facebook. Ni kuma lokacin sabuwa ce, tsoro ya kama ni, na buɗe OPay na tura mata duka, har da kuɗin motar da na biya. Sai da na yi kwana tara ina bin ta kafin ta kai tasha. Da ledar ta iso na buɗe, wallahi ƙamshin humra ne ya fara dukana. Wuyan duk hoda, duwatsu uku sun fita, gefen ƙasan ya sha ƙura. Biki ta ci da ita! Kuma ba zato nake ba, ta manta ina ganin sitatus ɗinta, ga ta nan a wajen kamu tana ta juyi da abayata. Na yi mata magana, ta ce wai gwadawa ta yi. Gwaji har da liƙi? Rigar nan sai da na kai wanki, na sayar wa 'yar maƙwabta rabin kuɗi, shi ma biya biyu. Har yau in na tuna... kai, a bar maganar.

Sai dai kar wannan ya sa ki je ki rubuta "ba a dawo da kaya" a shafinki, kamar yadda wasu a wannan gurup ɗin namu suke yi, na gani ban dai yi magana ba. Akwai dokar kare masu saye ta 2018, da hukumarta FCCPC, kuma wannan rubutun ba ya cetonki in kaya masu aibi kika tura. Ga shi yana korar mutane. Masu sa kaya a Jumia ma sun sani, can mai saye yana da kwana 7 ya nemi mayarwa, kuma kuɗin ta hannun Jumia yake bi, ba ke ke yanke hukunci ba. Mu na Instagram da WhatsApp da Jiji ba mai shiga tsakani, ke ce alƙali ke ce mai shago, shi ya sa sai kin faɗi sharaɗinki tun kafin alat ya shigo.

Ni nawa kwana biyu ne daga ranar da kika karɓa. A'a, uku, na mayar da shi uku saboda masu nisa irin Fatakwal. Yadin da aka sa wa almakashi ba ya dawowa, turare da aka buɗe ba ya dawowa, kayan ciki kuwa ba a ma maganarsu. Kuma kafin in ɗaure leda sai na yi bidiyo ina warware kayan, in tura mata ta ce "eh, shi ne", in ɗauki hoton lambar mota da ta direba. Minti biyu ne.

Wannan taki ta Kaduna, ki fara yi mata tayin canji tukuna, ki tura mata kaloli huɗu ta zaɓa, da yawansu ba kuɗin suke so ba. Bari in tsaya, mai adaidaita yana ta min hon. In ta turo bidiyon ki sako min ta bayan fage in gani.