'Yata mai shekara 15 ta ce ita namiji ce

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina zaune da iyalina a Ingila. 'Yata ta fari, mai shekara 15, ta aske gashinta, ta daina sa kayan mata, ta ce ita namiji ce a zuciyarta. Wasu a intanet sun nuna mata yadda za ta sayi allurar dakatar da balaga da sinadarin maza daga ƙasar waje, har ta kawo mini wata fatawa da aka ce ta halatta hakan. Mahaifinta bai sani ba tukuna. Har yanzu dai ba ta fara al'ada ba, muryarta kuma ta yi kauri tun bara. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Allah ya sanyaya miki zuciya, 'yar'uwa, ya shirya mana zuri'a.

Wanda halittarsa ta cika a matsayin namiji ko mace, ba ya halatta a sauya masa jinsi da magani ko tiyata, dalilan kuma sanannu ne, a kansu majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta tsaya a zamanta na Makka a 1989. Amma maganar da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba, ita ce ta tsayar da ni. Yarinyar da ta kai 15 ba ta ga jini ba, muryarta kuma tana kauri ba tare da ta sha wani abu ba, ba a yanke mata hukunci kafin likita ya duba ta. Akwai yaran da ungozoma ke gani ta ce mace aka samu, alhali gaɓoɓin namiji suna ɓoye a ciki, sai balaga ta zo alamomin maza su bayyana. Akwai kuma mace ta haƙiƙa wadda jikinta ke fitar da sinadarin maza fiye da kima. Na farkon shi ne mata-maza, wanda malaman fiƙihu ke kira khunsa, kuma da mas'alarsa Shehu Khalil ya rufe Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, inda ya ce idan gemu ya fito, ko nono, ko haila, ko maniyyi, to rikitarwa ta kau. Gwajin ƙwayoyin halitta da hoton ciki na yau ƙari ne a kan waɗannan alamomi. Saboda haka ki fara tambayarta cikin natsuwa ko ta riga ta sha wani abu a ɓoye, domin sinadarin maza shi ma yana kaurara murya ya hana jini, sannan ki kai ta wurin likitan yara masanin sinadaran jiki. Idan bincike ya tabbatar namiji ne aka ɗauka mace, yi masa magani halal ne, domin bayyana abin da Allah ya halitta ne. Kafin nan tana nan a kan hukuncin mata a sallarta da suturarta, tunda shakka ba ta kawar da yaƙini.

Fatawar da ta kawo miki, galibi ɗayan biyu ce. Ko ta Khumaini ce, jagoran juyin juya halin Iran, wadda Iran ke aiki da ita tun shekarun 1980, ko ta Shehu Ɗanɗawi ta 1988 lokacin yana Muftin Masar, a kan wani ɗalibin likitanci na Azhar. Ta biyun ana yawan yanke ta a tsakiya, domin ta ɗaure halaccin da samun dalili a jiki da likita amintacce ya tabbatar, ta kuma hana a yi don son rai kawai. Masu kafa hujja da ta farkon suna cewa akwai khunsa na jiki, akwai na zuciya, kuma lalura tana halatta abin da aka hana. Wannan ƙiyasi bai tsaya ba. Alamomin da malamai suka fi dogara da su abubuwa ne da ake gani ko ake aunawa, ba su taɓa rataya gado ko aure ko limancin wanda halittarsa ta cika a kan abin da yake ji a ransa ba, domin abin da ke rai yana juyawa, balle ran ɗan shekara 15. Lalura kuwa sharaɗinta a tabbatar cewa abin da aka hana ɗin shi ne zai kawar da cutar, ko a yi rinjayen zato, kuma a nan likitocin ƙasar da kike zaune su da kansu ba su tabbatar ba. Rahoton Dakta Hilary Cass, likitar yara da ta jagoranci bincike a kan lamarin a Ingila, na Afrilun 2024 ya ce hujjar amfanin allurar dakatar da balaga ga irin waɗannan yara mai rauni ce, an rufe asibitin Tavistock mai kula da su, kuma a Disambar shekarar gwamnati ta mayar da hana rubuta ta ga 'yan ƙasa da 18 saboda wannan dalili ya zama ba wa'adi. Finland da Sweden sun riga ta taƙaitawa, kotun ƙolin Amurka ma a Yunin 2025 ta bar dokar jihar Tennessee ta hani a kan ƙafarta, ko da yake manyan ƙungiyoyin likitocin Amurka suna jayayya da hakan. Ban kawo wannan don shari'a tana jiran sa hannunsu ba. Na kawo ne don ki ga amfanin abin zato ne, ɓarnar kuwa, irin kaurin murya da ba ya komawa da haɗarin rasa haihuwa, sananniya ce. Waliyyi kuma ba shi da ikon yi wa yaro tasarrufi sai da abin da maslaharsa ta bayyana. Sayen irin waɗannan magunguna ta intanet ba tare da likita ba haramun ne ko da a ce khunsa ce.

Sai abin da ba ki tambaya ba. Jin da take yi a ranta ba zunubi ba ne, malamai sun bambanta wanda aka halitta da wata ɗabi'a da wanda ya ƙirƙire ta da gangan. Kada ki zage ta, kada ki tsine mata, kada a kai ta wurin mai ruƙiyyar da ke dukan yara da sunan fitar da aljani. Na san shawarar da dangi za su fara ba ki ita ce a yaudare ta da hutu a dawo da ita gida a ɗaura mata aure. Wannan zalunci ne a gare ta da mijin, tunda ba a san halin jikinta ba, kuma laifi ne a dokar Ingila. Irin waɗannan yara sukan yi fama da baƙin ciki mai tsanani, don haka idan kika ji ta ambaci mutuwa ko kika ga tabon yanka a hannunta, ki nemi likita a ranar.

Mahaifinta yana da haƙƙin sani. Ki zaɓi lokacin da yarinyar ba ta gida, ki fara masa da maganar jinin da bai zo ba da ganin likita kafin maganar askin, idan kuma kin san mai saurin hannu ne, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna tare da ku. Allah ne Mafi sani.